Inna Falta da Kaskar Tasalla

A Marken Liman, gabas da Ɗambatta, da wuya ka sami uwar 'ya'yan da ba da kitson Inna Falta aka kai ta ɗakin miji ba. Iyayenta daga Barno suka zo fataucin kanwa, zama ya yi daɗi suka sayi gona. Ita a nan aka haife ta, Barbarcinta bai wuce gaisuwa da zagi ba, amma hannun kitso ta gaje shi cif. Ba ta da yawan fara'a, kuma yarinyar da ta motsa kai ta sha ranƙwashi. Duk da haka tsakar gidanta ba ta rabuwa da mata, don kitsonta sai ya yi wata bai tashi ba.

Ba wanda ya sallame ta daga sana'ar, ita ta sallami kanta. Da hannunta ya fara rawa, wata rana ta ga tsagarta ta karkace a kan wata amarya. Amaryar ba ta ma lura ba. Inna Falta ta tsefe kan tas, ta ce a kai ta wurin wata, kuma daga ranar ba ta sake yi wa kowa kitso ba. Ta ji zafin abin ƙwarai, sai dai ta fi son a ce ta daina da a ce ta lalace.

Abokiyar zamanta tun rasuwar maigidanta ita ce Tasalla, kyanwar da ta tsinta a bayan rumbu ranar wata sallar layya. A zamanin ƙarfinta ɓera bai isa ya leƙa buhun gyaɗar gidan ba. Yanzu haƙora sun zube, tsalle ya gagara, aikinta shan hantsi da barci.

Bara da kaka, bayan an kwashe amfanin gona, ɗanta Sha'aban ya bai wa Fulani gonarsa ta bayan gida kamar yadda aka saba, shanu su ci kara su bar masa taki. Taki ya samu, amma shanun sun bar tsarabar da ba a roƙa ba. Tasalla ta saba kwanciya a gindin dangar gonar, can ta kwaso kaska. Kafin a farga sun cika mata kunnuwa da wuya da hammata, wasu sun ƙoshi har sun kai ƙwayar wake. Ta daina cin abinci, dasashinta ya yi fari, ta ma daina lasar jikinta. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar wa Inna Falta da hankali, don ta san kyanwar da ta bar wanka ta fara sallama da duniya.

Sha'aban mai kiwon ragunan layya ne, kuma mutum ne mai son a gama abu yanzu-yanzu. Da safe ya shigo da bokitin maganin da yake wanke raguna da shi, fari kamar nono, warinsa ya cika gida.

"Inna, kawo ta in tsoma ta sau ɗaya. Kafin azahar duk sun zube."

"Ragonka yana wanka da harshe?" ta tambaye shi.

Ya girgiza kai.

"To ita da harshe take yi. Abin da ka shafa mata a baya, a cikinta zai kwana. Fitar min da shi."

"To kananzir fa? Ko a ɗosana musu wuta."

"Ka ɗosana wa kanka."

Sha'aban ya sosa ƙeya, ya ce cikin ladabi, "Inna, Allah ya ba ki haƙuri, kyanwar nan fa ko ɓera ta daina kamawa."

"Ni ma na daina daka. Ka nemo bokitin da zai ci ni."

Matarsa Muhsina ta toshe baki da gefen mayafi, shi kuwa ya ɗauki bokitinsa ya fice. Tsohon doki dai sai mai shi.

Hana magani abu ne mai sauƙi, cire kaskar shi ne aiki, kuma da hannun da ya ƙi kitso za a yi shi. Inna Falta ta san haka. Ta sa aka shimfiɗa tabarma inda hasken hantsi ya fi kyau. Ta ɗauko hantsakin cire ƙaya ta tafasa shi, ta ajiye ruwan ɗumi da gishiri kaɗan a kwano, da gwangwani mai ɗan kananzir a can gefe. Muhsina ta naɗe Tasalla da tsohon zane ta rungume ta. Inna Falta ta kifa ƙaramin turmi ta ɗora tsintsiyar hannunta a kai, rawar ta ragu.

Tsaga gashin ta riƙa yi layi-layi, yadda ta yi wa kawunan mata shekara da shekaru, don kada ta tsallake ko ɗaya. In ta sami kaska sai ta kama ta daf da fata, can wajen baki, ta ja a miƙe a hankali har ta saki.

"Kada ki matse wa kaska ciki," ta ce wa Muhsina, "dattin da ta sha zai koma jikin kyanwar. Kada kuma ki murɗa ko ki fizga, kan zai karye a ciki ya zama ƙurji."

Kowace ta fito sai gwangwani, gurbin kuma a goge shi da ruwan gishiri. In Tasalla ta fara haki sai a dakata, Inna Falta ta yi ta shafa mata goshi tana kiranta 'yar nema.

Ta ƙarshen a fatar ido take, daf da gashin ido. Muhsina ta ce, "Inna, ko a bar wannan? Kada garin neman gira a rasa ido."

Inna Falta ta dubi hannunta yana karkarwa a kan turmin. Ta ajiye hantsakin, ta yarfe yatsunta, ta yi bisimilla, ta sake ɗauka. Ta jira har kyanwar ta lumshe ido, sannan ta kama ta ja. Kaskar ta fito da kanta da ƙafafunta, tana motsi. Inna Falta ta ɗaga ta sama ta daɗe tana kallo kafin ta jefa a gwangwani, sannan ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Ranar kasuwar Ɗambatta ta aiki Sha'aban wurin likitan dabbobi. "Ka ce masa kyanwa ce, kuma tsohuwa. Kada ka ce dabba, ya haɗo ka da na shanu." Ya dawo da ɗan maganin da ya dace, da saƙon cewa da an yi mata na raguna da ya kashe ta. Saƙon a ƙofar ɗaki ya faɗe shi, da murya ƙasa-ƙasa.

Tasalla ba ta miƙe nan da nan ba. Kwanaki tana kwance a ɗakin Inna Falta, ana daka mata hanta ana ba ta a yatsa, wani lokaci ta lasa, wani lokaci ta kau da kai. Tsohuwar ta rage fita, ta rage magana, har faɗan ma ta rage, abin da ya tsorata mutanen gidan.

Wata safiya Muhsina tana shara ta ji Inna Falta ta ce, "Kira min mijinki." Sha'aban ya zo da sauri, yana zaton kyanwar ta mutu. Ya tarar da Tasalla a bakin ƙofa cikin hantsi, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana lasa, tana goge fuska, ta koma kan wuya da baya, duk inda maganin bokitin nan zai jiƙa da an tsoma ta.

Inna Falta ba ta dube shi ba. Ta naɗe hannuwanta masu rawa a cinya, ta ce, "Tsaya nan ka kalla har ta gama."

Ya tsaya har ta gama.