Ranar da Na Tayar wa Mahaifina Babur ɗin Aro

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Shekara uku ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina wanda ko matata ban faɗa wa dukansa ba. Yau na ce bari in sauke shi a shafinku, ko na samu sauƙi, ko wani ya tsira daga irin wautata.

A lokacin ina da shekara talatin da huɗu, ina koyar da darasin fasaha a wata sakandare a nan Zariya, ina zaune tare da iyayena a gidanmu na Tudun Wada. Ni ne na yi boko mai zurfi a gidan, kuma na san da haka, har sanin ya yi mini yawa. In fanka ta tsaya ni ake kira, in rediyo ya yi shiru ni ake kira, har na ɗauka babu ƙarfen da zai gagare ni muddin akwai data a wayata. Mahaifina kuwa tsohon malamin gona ne. Kusan shekara talatin ya yi yana zaga ƙauyuka a kan wani jan babur, tun daga Dutsen Abba har can inda mota ba ta shiga, yana koya wa manoma sa taki da feshi. Dattijo yake kiran babur ɗin, Inna kuma takan tsokane shi cewa ko ita bai taɓa lallaɓa ta kamar yadda yake lallaɓa shi ba. Tun muna yara daga bakin layi muke gane ƙararsa, wata ƙara ce mai kauri a hankali, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Da ciwon suga ya cinye idon Baba, sai aka tura Dattijo ɗakin zaure aka lulluɓe shi da tamfal, ya shekara shida a nan.

Wata rana muna zaune bayan la'asar, Baba ya ce shi kam babu abin da yake kewa kamar muryar Dattijo, har mafarkinta yake yi. Nan take na bugi ƙirji na ce ya ba ni mako biyu, zai ji ta da kunnensa. Washegari na yaye tamfal, na wanke tanki, na zuba sabon mai, na sa sabon fulogi. Na buga kik har cinyata ta yi tsami, ko tari babur bai yi ba. Da na duba sai na ga wuta ba ta zuwa fulogi sam. Tsakanin ɗakin zaure da ɗakin Baba bai fi taku ashirin ba. Mai hankali da sai ya taka ya tambayi mai abu. Ni kuwa sai na ce makaho mai shekara saba'in da ɗoriya me zai gaya mini a kan wuta, ni da nake koyar da ita a aji? Na buɗe waya na kalli bidiyon masu kwance tsofaffin babura su mayar da su sababbi fil cikin minti goma sha biyar, na ce ai haka zan yi, in ya so Baba ya shafa ya ji har fenti sabo ne.

Cikin kwana biyu na mayar da Dattijo tsibin ƙarafa. Na sauke inji, na farke shi, na cire fistin, na zare giya. Notuna da wasoshi da ƙananan sifirin duk na zuba su a tsohuwar robar wankin Inna, ban ware ba, ban ɗauki hoto ba, don na yarda da ƙwaƙwalwata. Wayoyin kuwa na ga duk faci ne, har da wani ɗan makunni irin na fitila da aka naɗe da baƙar roba aka cusa a ƙarƙashin kujera. Na yi tsaki na ce aikin 'yan bakin titi, na datse su duka na watsa a kwali. Baba yana jin ƙarar sifana daga ɗakinsa. Sau biyu yana aikowa a kira ni, ya ce in turo masa babur ɗin ya ɗora hannu, akwai abin da zai nuna mini. Na ce ya kwantar da hankalinsa, gyaran zamani ba irin nasu na da ba ne. Ya yi murmushi ya ce to, malam.

Kwancewa ba ta da wuya, ashe haɗawa ce aikin. Mako biyu ya zama wata biyu. Na karya wata doguwar ƙusar kan inji a cikin raminta. Zoben fistin ya tsage a hannuna, kuma babur ɗin ya tsufa, an daina kawo kayansa. Na zaga shagunan Sabon Gari da Kwangila har masu kaya suka gane ni, in na doso sai su ce ga mai kayan tarihi nan. Abin da na samo na gwanjo wani ya yi girma, wani ya yi kaɗan. Giyar kuwa na jera ta ya fi sau goma, kullum sai wani noti ko sifirin ya yi saura a roba yana kallona. Na san na yi gyaran gangar Abzinawa, amma girman kai ya hana ni ɗaukar robar nan in kai wa bakanike, don kada a ji a unguwa cewa malamin fasaha ya kasa. Kullum Baba ya tambayi Dattijo sai in ce saura ƙiris.

Ana cikin haka jikinsa ya rikice, ƙoda ta taɓu. Bayan mako biyu a asibiti likita ya ja ni gefe ya ce mu koma da shi gida mu yi ta addu'a. Ranar da muka dawo, Baba ya riƙe hannuna ya ce ba ya son ya matsa mini, amma in da hali yana so ya ji Dattijo ko sau ɗaya ne. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauki izini a makaranta, na kulle kaina a ɗakin zaure kwana uku, daga asuba har magariba, salla kawai ke fitar da ni. Hannuna duk ya yayyanke, ina ɗaure noti hawaye na ɗiga a kan baƙin mai. Na roƙi Allah, na roƙi ƙarfen nan kamar mai ji. A rana ta uku na haɗa abin da ya haɗu na taka kik, sai ya ƙame ƙam, ko motsi. Na zauna dirshan a ƙasa, ina jin tarin Baba daga cikin gida, na rasa inda zan sa kaina.

A nan Shaiɗan ya kawo mini shawara. Wani maƙwabcinmu ɗan acaba yana da babur, na roƙe shi aro na minti goma, na turo shi a kashe har cikin zaure. Na leƙa na ce wa Inna ta buɗe tagar Baba. Bugu ɗaya babur ɗin ya tashi. Na murɗa mai sau uku na kashe, na shiga ɗakin Baba. Baba ya lalubi hannuna, ya shafa yankan da ke jiki, ya tambaye ni yadda na yi na tashe shi. Na ce fulogi ne da datti a kafireto. Ya ci gaba da shafa hannuna. Can ya ce Allah ya yi mini albarka, na sha wahala. Ya ce ko zan turo shi ya taɓa tankin, na ce inji ya yi zafi, sai gobe. Goben nan ba ta zo ba, bayan kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku wani mutum ya zo gaisuwa, tsohon bakanike ne Kirista daga Wusasa, abokin Baba tun suna samari. Ya tambayi Dattijo, na rasa ƙaryar da zan yi, na kai shi ɗakin zaure. Ya ƙare wa ɓarnar kallo, sannan ya tambayi abin da ya same shi tun farko. Na ce wuta ce ba ta zuwa. Sai ya durƙusa ya tona kwalin wayoyi, ya zaro ɗan makunnin nan mai baƙar roba. Ya ce shi ya sa shi da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, bayan an taɓa yunƙurin sace babur ɗin a wata kasuwar ƙauye. In Baba ya ajiye sai ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya kashe, ɓarawo ya buga har ya gaji ba zai tashi ba. Ya ce lafiyar babur ƙalau, da na danna wannan da ya tashi tun ranar farko.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba Inna ta ƙarasa ni. Ta ce ranar da na tayar da babur a zaure, ina fita Baba ya ce mata wannan ba muryar Dattijo ba ce, ta yi siriri, ta yaro ce. Ya hana ta yi mini magana, ya ce tausayi ne ya sa ni ƙarya, kada a ƙara mini da kunya. Ta ce tun ranar da na fara aiki yake zaune yana sauraron takuna, yana cewa yau zan zo in tambaye shi. Ya so ya faɗa mini zancen makunnin da kansa, da ya ga na katse shi sau biyu sai ya bari, don kada ya karya mini gwiwa. Shekara shida babu wanda ya nemi saninsa a kan komai, abu ɗaya da ya rage wanda shi kaɗai ya sani a gidan, shi ma na hana shi ya ba ni.

Bakaniken nan ya kwashi ƙarafan a buhu ya tafi da su, bayan wata biyu ya dawo da babur a haɗe. A tsakar gida ya tayar da shi, daidai tagar ɗakin da babu kowa a ciki. Inna ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta tsaya, ta ce wannan ce muryar Dattijo, sannan ta koma tana share ido da gefen mayafi.

Na koyi cewa abin da na kira taimakon mahaifi rabinsa neman yabo ne. Ku da iyayenku ke raye, don Allah kada ku ga ido ya tafi ko ƙafa ta yi rauni ku ɗauka sani ma ya tafi. Kafin ku sa sifana a kan abin da tsoho ya rayu da shi, ku je ku durƙusa ku tambaye shi, ko da kuna ganin kun sani, domin tambayar kanta wata kyauta ce gare shi. Kuma kada ku yi wa mara lafiya ƙarya don ku rufe kunyarku, sau da yawa ya gane, shi ne yake rufa muku asiri. Ina roƙon masu karatu su sa Baba a addu'a, ni kuma su roƙa mini gafara. Na sa an mayar da makunnin nan inda yake. Kullum da safe sai na zura hannu ƙarƙashin kujera na danna shi kafin Dattijo ya tashi, kuma kullum sai na tuna taku ashirin ne kacal tsakanina da ɗakin Baba.