Tukunyar Iri

Raina yana ɓaci idan na ji wani ƙosasshe yana cewa abincin da gwamnati ke rabawa lalaci yake koya wa talaka.

A ƙauyenmu, kusa da Sae Sabuwa, kowace kaka mahaifina yakan zaɓi geron da ya fi kyau, ya zuba a tukunya, ya liƙe bakinta da laka. Iri ne, ba a taɓa shi sai ruwan shibka ya sauka.

Wata shekara rumbunmu ya ƙare tun bazara. Kwana biyu ganyen tafasa kaɗai muke ci. Rana ta uku mahaifiyata ta aje tukunyar gaban mahaifina, ta ce, "Malam, ko dai mu fasa?"

Ya ce ta ba shi zuwa magariba. Ya ɗaura jaki a amalanke, ya tafi inda aka ce gwamnati tana rabon masara. Ya yini a layi cikin rana, ya dawo da rabin buhu.

Masarar ba ta ƙosar da mu ba. Amma da ruwa ya sauka, muna da abin shibkawa. Geron da nake ci har yau jikan wannan tukunya ne.