Gashin Ɗalibaina a Cikin Kabad

Shekarun baya, ina sabon malamin zane a wata sakandare kusa da Kagoro, na tafka wautar da ta kusa cin aikina, wataƙila ma har da ni kaina. Na fito kwaleji ina ji da kaina, gani nake duk malaman da suka riga ni ɓata wa yara lokaci suka yi. Shekara da shekaru ba abin da ake zanawa sai kofi da mangwaro. Na ce ni kam ɗalibaina kansu za su zana, kuma ba da fensir ba.

Na ce wa 'yan aji biyar kowa ya yi fuskarsa a kan kwali da abin da yake nasa. Ƙasar ƙofar gidansu, a kwaɓa da gam a yi fata. Ƙyallen tsohuwar riga. Sai abin da ya jawo min: ɗan gashin kai, a manna inda gashi yake. Ni fa ɗan Zonkwa ne, a yankin nan aka binne cibiyata. Na san sarai abin da mutanenmu ke tunani in aka ce wani ya tara gashin yara da ƙasar ƙofar gidansu. Amma ranar ko a raina, ina can ina yaba wa basirata.

Aikin kuwa ya yi kyau fiye da zatona. Wata yarinya mai shiru-shiru ta yi kunnuwanta da busasshiyar citta daga gonarsu, kana gani ka san ita ce. Ranar Jumma'a na karɓi duka na kulle a kabad ɗin ofis saboda ɓera.

Litinin yarinyar ba ta zo ba. Laraba ina cikin aji aka ce firinsifal na kira. Tun daga nesa na hangi mashina jere a ƙarƙashin bishiya da mutane cike da baranda. Na gaishe su, ba wanda ya amsa. Wata mata da kayan gona a jikinta ta tare ni, mahaifiyar yarinyar ce.

"Malam, ka ba ni gashin yarinya na," ta ce, da Hausar wajenmu da ba ta raba mace da namiji. "Tun ranan da ya kawo maka bai tashi ba. Jiki zafi, yana ta kiran sunan ka. Me ya yi maka?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai wani ya ɗaga murya daga baya: "Ɗan sikiret ne!" A wajenmu in aka laƙaba maka wannan suna, ana nufin kana cikin ƙungiyar asirin da ke cin yara, kuma ba a cika jiran hujja ba. Firinsifal, dattijo ne da ya san gari, ya matso kusa da kunnena.

"Buɗe musu kabad. Kada ka yi gardama, kada kuma ka yi musu Turanci."

Sai da makullin ya faɗi sau biyu kafin na buɗe. Ga fuskokin yara da aka yi da ƙasa a jere cikin duhun kabad, kowace da gashin mutum a kanta. A lokacin na gan su da idon iyayen, wallahi ni ma sai da suka ba ni tsoro. Wata mata ta yi ihu, "Jinin Yesu!" Na ji mutane na matsowa bayana.

Mahaifiyar ta ture ni ta shiga dubawa. Ba suna a gaban ko ɗaya, amma hannunta bai yi kuskure ba, ta zaro kwalin 'yarta. Ta daɗe tana kallo.

"Kai. Har goshin baban shi ya sa," ta ce a hankali.

Ta tsinci gashin ɗaya bayan ɗaya, tana kiyayewa kada fuskar ta ɓare, ta ƙulle a bakin zaninta. Na ɗauka za ta tafi da kwalin. Sai ta miƙo min.

"Ka ƙona da hannun ka, mu gani."

Aka tara su duka a bayan ofis. Wani dattijon ikkilisiya ya yi addu'a, ni na ƙyasta ashana. Ɗalibaina na leƙe ta taga, na kasa ɗaga kai. Da aka watse firinsifal ya ce in hau mashin in wuce Kafanchan wurin kawuna, kada a gan ni sai an ga yadda jikin yarinyar zai yi.

Kwana shida na yi a can ina jiran labari. Ashe taifod ce ta kama yarinyar. An kai ta asibiti, ta warke. Na koma aiki da takardar gargaɗi. Ranar da ta dawo, a rame, ta biyo ni ofis.

"Sa, ina hoto na? Ina so in nuna wa Mama na, bai taɓa ganin na yi abu mai kyau ba."

Ashe ba wanda ya gaya mata. Na ce mata gara ce ta cinye shi.

Har yau ina koyar da wannan darasi, amma da zare da ganye, kuma sai na fara tura wa iyaye bayani. Ban riƙi matar nan a zuciya ba, uwa ce da ta tsorata, kuma ni na ba ta dalili. Abin da ke hana ni sakewa idan na tuna shi ne, ba gaskiyata ce ta fisshe ni ba. Yarinyar ce ta warke. Da ba ta tashi ba, ban san wanda zai ba ku wannan labari ba.