Kabewar Bayan Gidanmu

A shekarar da fari ya koro makiyaya daga arewa, lokacin garinmu bai zama Suleja ba, Abuja muke ce masa, ina aji uku a sakandaren 'yan mata. Na dawo hutu na tarar kududdufin bayan gidanmu a unguwar Wambai ya ƙafe ƙaf. Baba magini ne, a ramin nan ya ɗebi ƙasar da ya gina gidanmu da rabin gidajen unguwar. Tunda nake ban taɓa ganin gindinsa ba sai wannan karon.

Shanun da suka iso garin daga ƙashi sai fata. Uku suka faɗi a bakin hanya, suka mutu kafin a kai musu wuƙa. Mushe ba mai ci. Da wari ya hana zaman ƙofar gida, maza suka ɗaura musu igiya, suka ja su cikin ramin, suka watsa ƙasa sama-sama. Kowa ya ce an huta.

Ni ce ban huta ba. Malamar labarin ƙasa ta taɓa zana mana da'ira a allo: rana ta ɗaga ruwa daga kogi, ya zama hadari, ya zubo, ya nutse cikin ƙasa da duk abin da ya kwaso, ya ɓullo a rijiya. Ta ce ba abin da ke ɓacewa a duniya, masauki kawai yake sakewa. Da zanen nan na ci jarrabawa. Rijiyarmu kuwa tana gangaren ramin, katanga ɗaya ce tsakani.

Na sami Baba yana wanke laka a ƙafarsa.

"Baba, in ruwa ya sauka, abin da aka binne can zai biyo ƙasa ya shigo rijiya."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya kira mahaifiyata. "Ke, zo ki ji Malama. Wai matacciyar saniya za ta yi rarrafe ta ƙarƙashin katanga."

Inna ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba. "Ƙasa ai komai cinyewa take, mu ma ita ke jiranmu. Kakanki rijiyar nan ya sha, ya mutu da haƙoransa cif."

Na koma ɗaki. Sau ɗaya tak na faɗa, ban sake ba.

Da ruwan ya zo, kwana uku ya yi yana zuba. Gari ya ɗauki murna. Ramin ya cika, rijiya ta taso har rabin igiya ya isa guga. Ruwan ya fito da duhu-duhu, sai Inna ta jefa alif a randa, farin dutsen nan mai kwantar da laka. Kafin gari ya waye ya yi garau.

"Malama, leƙo ki ga saniyarki," in ji ta.

Na leƙa. Fuskata kawai na gani.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar na daina shan na randa. Ruwan zafin da ya rage a tukunyar tuwo nake juyewa a kwano, in ɓoye bayan ƙofa ya huce. Na tsare cikina, na kama bakina, don kada a sake yi mini dariya.

Autarmu shekararta biyar. Wata azahar ta shigo daga wasa, gumi har wuya, hannunta ba ya kaiwa cikin randa.

"Yaya, ruwa."

"Tsaya in ba ki nawa."

"Mai ƙaurin hayaƙi? Ba na so. Mai sanyi nake so."

Ina riƙe da moɗa, na kasa tsomawa. Inna ta ɗaga murya daga madafi: "Ba ta mana. Ko sai an rubuto miki takarda daga makaranta?"

Na ɗebo na ba ta. Ta shanye, ta miƙo na ƙara mata. Na san ta sha kafin nan, ta sha bayan nan, daga hannun wasu. Amma wannan moɗar ce nake gani.

Ba a yi mako ba amai da gudawa suka shigo gidan. Baba ya kwanta, Inna ta kwanta, haka maƙwabtan da ke ɗiba a rijiyarmu. Ni kaɗai ke tsaye, kuma na san dalili. Manya suka sha wuya suka tashi. Auta kuwa idanunta suka faɗa ciki, in na ja fatar hannunta sai ta tsaya yadda na ja ta. Ni na goya ta zuwa asibiti, ba nauyi, kamar na goya zane. Aka sa mata ƙarin ruwa. Washegari kafin la'asar ta cika.

Bayan kwana biyu duba-gari ya zo. Ya dubi ramin, ya dubi rijiya, ya auna tsakaninsu da taku. Abin da na faɗa shi ya faɗa, kusan kalma da kalma. Baba na jingine da bango, bai dube ni ba. Da ya sami ƙarfi, shi kaɗai ya cike rijiyar da kwando, sannan ya koma ya cike ramin. Yanzu a famfon bakin kasuwa muke ɗiba. Tun daga nan bai sake ce mini Malama ba, ni kuwa da zai ce da na ji sauƙi.

Damunar bana kabewa ta fito a kan ramin, ba wanda ya shuka, daga sharar da aka zuba ne. Ganyenta kamar faifai, ta haura katanga ta leƙo tsakar gida. Masu wucewa na tsayawa suna cewa wannan wuri da albarka yake. Na san abin da take ci a ƙasa. Na kuma ga yadda ciyawa ta yi shar a maƙabarta, ta gefen da aka sa Auta, sai na daina bin hanyar.

Jiya Inna ta yanko ɗaya ta yi miyar taushe. Ta turo mini kwano.

"Ci mana. An dafa ai. Wuta na kashe komai, ko ba haka ba?"

Ba gatse take yi ba, tambaya ce, kuma tana jiran amsata kafin ta kai nata baki. Baba ma ya dakata da loma a hannu. Na ce musu haka ne, su ci, ba abin da zai same su. Suka ci. Nawa ya huce a gabana, na rufe shi da faifai.