Tambayar da Baba ya yi wa furojet ɗina

Wannan ya faru ne shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Wudil, lokacin da nake jin babu wanda ya kai ni iya kwamfuta daga nan har bakin gada.

Sashenmu na da wata babbar kwamfuta da ake rabawa ta zama ƙananan kwamfutoci da yawa a cikinta, wannan ta ɗalibi, waccan ta malami, kowacce tana jin kamar ita kaɗai ce. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tana ƙirga duk abin da ke faruwa a cikinta: umarni nawa ta aiwatar, sau nawa ta nemi abu a kusa ta rasa. Ƙirgen na da amfani ga mai son gano abin da ke hana manhajarsa sauri. Amma wasu daga ciki, mai wayo zai iya bin su ya gane abin da maƙwabcinsa ke yi. Aikin da malamina ya ba ni shi ne in tsara shafin da za a riƙa zaɓa wa kowace ƙaramar kwamfuta ƙirgen da za ta gani da wanda za a hana ta.

Na yi wata huɗu a kai. Na cika shafi da akwatuna da lambobi, kowane ƙirge da lambarsa, jerin waɗanda aka bari a hagu, na waɗanda aka hana a dama. Har hotonsa na tura wa mahaifiyata, ta ce Allah Ya yi albarka, amma ita ba ta ga komai ba sai ƙananan rubutu.

Saura mako biyu in kare furojet, malamina ya ce, "Kai wa mai kula da ɗakin kwamfuta ya gwada. Shi zai yi aiki da shi, ba ni ba."

Raina bai so ba. Dattijo ne mutumin Utai, muna ce masa Baba, kullum da tsumman goge ƙura a kafaɗa. A tunanina aikinsa kunna janareta ne da korar masu shigowa da ruwan leda.

Na gaishe shi, ya tambayi gida da karatu, sannan ya zauna ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallon shafin bai taɓa komai ba.

"'Yar nan, in na bar shi haka ban cike komai ba, me zai faru?"

Na ce ai ba wanda zai bar shi haka.

"Ni zan bari. Ranar da aka ɗauke wuta, ɗalibai sun cika ƙofa, mantawa zan yi. To a buɗe yake ko a rufe?"

Wallahi ban sani ba, ni da na rubuta. Ya tayar da ƙaramar kwamfuta ɗaya muka duba. A buɗe yake, komai tana gani. Kafin in farfaɗo ya ɗauki lamba ɗaya ya sa a jerin hagu, ya kuma sa ta a na dama, ya juyo yana jiran in faɗa masa wanne zai yi nasara. Sai na ji hawaye na neman zubo min.

Bai yi dariya ba. Ya ce in jira shi ya yi La'asar. Da ya dawo ya yago takarda, muka zauna. Ashe lambobin nan da nake taƙama da su, ya san yawancinsu da ka. Ya ce shafin ya fara da tambaya ɗaya tak: a hana komai sai abin da aka lissafa, ko a bar komai sai abin da aka lissafa. Jeri ɗaya, ba biyu ba. In an bar shi babu komai, a rufe. Kowace lamba a rubuta ma'anarta a gefe. In kuma ƙaramar kwamfuta ta riga ta tashi, kada a yarda a canja sai an kashe ta, don kada ƙirgen mutum ya rikice yana tsakiyar aiki.

Na ce, "Baba, ai rabin aikina ke nan za a zubar."

Ya ce, "Rabin da ya rage shi ne aikin."

Kwana goma na yi ina gyara, kullum sai ya gwada ya nemo inda zai karye. Ranar karewa, malamin da ya zo daga wata jami'a ya zauna ya saita shafin da kansa ba tare da na ce uffan ba. Ya ɗago ya ce wa ya koya min wannan. Na faɗa masa gaskiya.

Da aka ɗaure littafin furojet ɗin na kai wa Baba kwafi, na buɗe masa shafin godiya. Ya karanta sunansa, ya sake karantawa, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. Ya ce furojet da yawa sun bi ta hannunsa, amma yau ne ya fara ganin kansa a cikin ɗaya. Ya roƙe ni in bar masa kwafin ya kai gida 'ya'yansa su gani.

Yanzu irin wannan aiki nake ci da shi, na kuma zauna da masu manyan digiri da dama. Har yau in na tuna yadda na shiga ɗakin nan ina hura hanci, kunya nake ji. Baba ya ga raini a fuskata sarai, amma ya ja min kujera.