Hasumiyar Laka a Ajin Kwali

Ranar wata Alhamis, ina aji biyar a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira, na shiga makaranta rungume da hasumiyar laka a kan faranti, ina taku kamar mai ɗauke da miya. Malamar zane ce ta ce kowa ya gina fanar da kwali, wato hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda ta fi kyau a ɗora ta a teburin da iyaye za su gani. Teburin nan nake so, don ba a taɓa ɗora aikin 'yan Sudan irinmu a kansa ba.

Kakata Hajiya Kulu ta hana ni taɓa kwali. Matar magini ce, ta yi shekaru a Port Sudan, ta san fanar ta dutse, ta san mai ƙafafun ƙarfe da ake kafawa a tsakiyar ruwa. "Gindi da faɗi, wuya siriri, ban da kusurwa, kar iska ta sami wurin kamawa," in ji ta. Muka samo baƙar ƙasa wajen mai sayar da furanni, muka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, muka mulmula tubala ƙanana kamar goro, muka baza a baranda, Umma na ta mitar mun hana ta shanya. Kwana tara muna gini, sai layi ya sha iska a hau na gaba.

Ina ajiyewa aji ya kwashe da dariya, wai na kawo ɗakin tattabaru irin na ƙauyukan Masar. Malama ta ce, "Ma'alish, ba komai, gobe ki kawo ta kwali." Raina ya ɓaci har kunnuwana na zafi. Na ce ai don iska ake gina fanar. Na je na murɗa fankar aji har ƙarshe, na juya ta kan ayyukan. Na kwali suka watse a ƙasa, tawa ko gezau. Malama ta ce in ba da haƙuri in kawo wata, ko in manta da tebur. Na ɗauki farantina na fita.

Yanzu a wani ofis a unguwar Dokki nake zana gine-gine a kwamfuta, hannuna fes, Hajiya ta daɗe da rasuwa, ina kuma kewar ƙasa a ƙarƙashin farce. Yaran da na zubar wa aiki na ba su haƙuri bayan mun girma. Amma a kan ginin kakata, har gobe ba wanda zan ba haƙuri.