Gwani Ya Kai wa Mama Ƙorafi

Mijin yayata tela ne, kuma tun da Allah ya yi shi bai taɓa kuskure ba. In wando ya fito ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ƙafar mai wandon ce a karkace. Gwani ake ce masa a layinsu, shi kaɗai ne bai san zolaya ba ce.

Da Yaya ta yi ɓarin farko, ya ce hawan bene ne. A na biyu ya ce aikin ofis ne, ya sa ta ajiye. Na uku a zaune ya same ta, ba bene ba ofis, sai ya ce tunani ne ya yi mata yawa.

Ni na raka su asibiti karɓar sakamakon gwajin da aka yi bayan ɓari na uku. Likitar ta jawo takarda tana zane.

"Akwai wasu zarurrukan gado a jikinmu, bibbiyu suke zuwa," in ji ta. "Lokacin da ƙwan mace ke samuwa, kowane biyu sukan sarƙe, su yi musayar guntaye, daga baya su rabu. In sarƙewar ba ta kama sosai ba, ƙwai na iya tafiya da ƙarin zare ɗaya. Ƙarin nan muka gani a wannan cikin. Ba abin da ta yi."

Yaya ta sunkuyar da kai tana hawaye. Shekara huɗu tana jiran wani ya faɗi haka.

Gwani ya gyara zama. "Likita, yaushe ake sarƙewar?"

"Tun tana cikin mahaifiyarta. Amma ka ji ni da kyau, ba laifin..."

"Shi ke nan, na gane."

Bai gane komai ba. Daga asibiti gidanmu ya wuce da mu. Mama na guga a tsakar gida. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce, "Mama, likita ta ce tun a cikinki ɗinkin ya ɓaci."

Mama ta jingine dutsen guga, ta dube shi sama da ƙasa. Mu bakwai ta haifa.

"To, ɗana, ka bar min ita in farke in sake."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce da Yaya ta tashi su tafi. Yaya ta karɓi dutsen ta ci gaba da gugar. Ya gaji da tsayuwa ya fita shi kaɗai.

Wata biyar ta yi a gida. Sai da ya turo kawunsa sau uku, ya yarda ta koma aiki, sannan ta koma ɗakinta. Har yau yana yi wa masu kawo ɗinki bayanin ƙwai da zare, allura a baki, rabi ƙarya rabi shirme.

Yanzu cikinta wata bakwai. Ranar awo ni take kira.